Samaru ko Sabon Gari: Abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya zaɓi masauki a Zariya

Duk shekara dubban matasa ne ke shigowa Zariya da jaka a hannu: sababbin ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, ma'aikatan da aka yi wa sauyin wurin aiki, da masu jinyar 'yan'uwansu a Shika. Tambayar farko da ke gaban kowannensu ita ce inda zai sauka. Da yawa sukan kama ɗakin da ya fi araha, sai bayan wata guda su tarar da kuɗin mota da na ruwa sun cinye rarar da suka yi zaton sun samu.

Dalili kuwa shi ne Zariya ba dunƙulallen gari ba ce. Garuruwa ne da dama a jere, kowanne da tarihin da ya haife shi, kuma wannan tarihi har yau yana da tasiri a kan kuɗin haya, da sufuri, da tsaro, har ma da akwatin da mutum zai jefa ƙuri'arsa.

Yadda garin yake a shimfiɗe

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar Zariya ita ce mutum ya ɗauki gadar Kwangila a matsayin ma'auni. A nan ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta hanyar Sakkwato. Kaduna na da nisan kimanin kilomita 80 ta kudu, Kano kuwa kusan ninki biyu na haka ta arewa.

Wanda ya bi hanyar Sakkwato daga Kwangila zai ratsa yankin Hanwa da Palladan da Zango kafin ya isa Samaru, daga nan sai Shika, sai Giwa, sai Funtuwa. Wanda ya juya ɗaya ɓangaren zai bi ta gefen GRA ya isa PZ da Sabon Gari. Idan ya tsallake rafin Kubanni ya shiga Tudun Wada da Kongo, sannan ya bi ta Ƙofar Doka ya faɗa Birni. Daga Samaru zuwa Birni tafiyar kimanin kilomita 15 ce.

Akwai ruɗani guda da ya kamata a kawar tun farko. Sabon Gari sunan unguwa ne, kuma sunan ƙaramar hukuma ne. Samaru kanta a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari take, tare da Basawa da Bomo da Hanwa da Dogarawa da Muciya da Cikaji. Birni da Tudun Wada da Gyallesu da Wusasa suna cikin Ƙaramar Hukumar Zariya, Shika kuma tana cikin Giwa. Haka nan Samarun Zariya daban take da Samarun Kataf da ke kudancin jihar.

Samaru: garin da makaranta ta raina

Samaru ta fara fice ne a 1922, lokacin da Turawa suka kafa sashen binciken aikin gona na lardunan Arewa, wanda ya zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR. A shekarun 1950 aka buɗe reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a wurin, sannan a ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a kan harsashinta. Tun daga lokacin rayuwar garin take tafiya da kalandar jami'a.

Ɗakunan kwanan ɗalibai na cikin makaranta, irin su Amina da Suleiman da Ɗanfodiyo da Ribadu, sun daɗe da gaza ɗaukar yawan masu karatu. Wannan ya sa unguwanni kamar Hayin Dogo da Ɗanraka da Bomo da Zango suka cika da gidajen haya. Wanda harkarsa ta kullum ke cikin babbar harabar jami'a, ko Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Palladan da aka kafa a 1964, ko cibiyoyin da ke kan hanyar Basawa, ba shi da wurin da ya fi masa Samaru da kewayenta. Haka ma mai jinya a Asibitin Koyarwa na Shika.

Ga mai sha'awar siyasa da muhawara, Samaru na da wani abin jan hankali na daban. A nan marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya koyar da tarihi ya kuma yaye almajiran da suka cika fagen siyasar ƙasar. A nan ɗalibai suka rasa rayukansu a zanga-zangar 1978 kan tsadar karatu, da kuma ranar 23 ga Mayu, 1986, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta. Har yau teburin mai shayi a Samaru majalisa ce.

Sai dai dogaro da jami'a na da nasa haɗarin. Kuɗin haya kan tashi a farkon zangon karatu, kuma a al'ada shekara guda ake biya a dunƙule. A yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ɗalibai da yawa sun bar ɗakunansu a kulle alhali kuɗin hayarsu na ƙonewa, masu shaguna da masu sayar da abinci kuma suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Sabon Gari: garin da jirgin ƙasa ya haifa

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, kuma cikin shekara goma layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa ta. Jirgin ya zo da akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su cakuɗa da mutanen Birni ba, sai ta yanka masu fili kusa da tasha, shi ne Sabon Gari. 'Yan Arewa waɗanda ba Zazzagawa ba aka zaunar da su a Tudun Wada, Turawa kuma suka keɓe wa kansu GRA. Sunan PZ ma daga kamfanin Paterson Zochonis ya samo asali.

Wannan rarrabuwa da aka tsara don sauƙin mulki ta haifar da abin da masu tsara ta ba su nufa ba: unguwar da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe suke katanga ɗaya, masallaci da coci suna kallon juna. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar NEPU, wadda mahaifinta ya zo daga ƙasar Gana aikin jirgin ƙasa, a wannan yanayi ta yi gwagwarmayarta, kuma a Sabon Gari ta zauna.

A yau Sabon Gari ita ce cibiyar kasuwancin Zariya. Babbar kasuwa na nan, bankuna sun yi jerin gwano a PZ, shagunan kayan gyaran mota da na wayar salula da na gini duk suna kusa. Daga nan ana samun abin hawa zuwa kowane sashe na garin. Ɗan kasuwa, ko ma'aikacin banki, ko wanda ya zo na kwana biyu kuma yake da wurare da yawa da zai leƙa, ya fi samun sauƙi a nan. Iyalan da suka zo bikin yaye kuratan soja a Barikin Chindit, inda cibiyar horas da sababbin sojoji da aka kafa a 1924 take, su ma nan ne ya fi masu kusa.

Abin da Sabon Gari ke karɓa a madadin wannan sauƙi shi ne natsuwa. Yawancin gidajen tsakiyarta tsofaffi ne, masu ɗakuna a jere da banɗaki na tarayya. Akwai cunkoso da ƙarar janareta, magudanan ruwa kuma sukan toshe da damina. Mai neman shiru, idan aljihunsa zai ɗauka, yakan koma GRA ko Hanwa, waɗanda suke tsakanin Sabon Gari da Samaru.

Kongo, Tudun Wada da Birni

Kuskuren da sababbin ɗalibai suka fi yi shi ne zaton duk Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru take. Masu karatun shari'a da sha'anin mulki a harabar Kongo suke, can kusa da Tudun Wada. Ɗalibin da ya kama ɗaki a Samaru alhali darussansa na Kongo ya ɗaura wa kansa ratsa gari sau biyu a kullum. Gare shi, da ɗaliban tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga zuwa jami'a, Tudun Wada da Gyallesu da Kongo su ne daidai.

Birni kuwa shi ne Zazzau ta asali, mai ganuwa da ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. A nan fadar Sarkin Zazzau take, inda Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli ya gaji marigayi Shehu Idris a Oktoban 2020. A nan kuma tsohon Masallacin Juma'a yake, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta a kan masallata ranar 11 ga Agusta, 2023. Birni wuri ne na zaurukan karatu da gidajen gado. Otal-otal ba su da yawa, kuma baƙo yakan sauka ne a hannun wanda ya sani. Wanda ya zo neman ilimin addini ko kallon hawan Sallah ba zai rasa mai masauki ba, muddin ya kiyaye al'adar wurin wajen sutura da shiga gidajen mutane.

Batun tsaro

Babu unguwar da za a ce tarihi bai taɓa ta ba. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 da na bayan zaɓen Afrilun 2011 duk sun fantsamo Zariya. Ranar 17 ga Yuni, 2012 an kai harin bam a coci-coci a Sabon Gari da Wusasa. Ranar 7 ga Yuli, 2015 wani bam ya tashi a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, ana tsakiyar tantance ma'aikata. A Disambar wannan shekara aka yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Harkar Musulunci a kusa da PZ da Gyallesu, inda daga baya sakataren gwamnatin jihar ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari guda.

A 'yan shekarun nan barazanar ta sauya salo. Masu garkuwa da mutane sun fi kai hari a unguwannin bakin gari da ke maƙwabtaka da daji, kamar yadda aka gani a harin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a Yunin 2021. Saboda haka sabon gida mai kyau da araha a ƙarshen gari na buƙatar a yi masa tambayoyi fiye da tsohon ɗaki a tsakiyar jama'a.

Akwai kuma dokar hana fita. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 gwamnatin jihar ta sanya dokar ta awa 24 a Kaduna da Zariya. A irin wannan rana, wanda kasuwa da asibiti da masallaci ko coci ke kusa da ƙofarsa ya fi wanda sai ya hau mota kafin ya sayi burodi.

Abubuwan dubawa kafin a biya

Na farko shi ne ruwa. Duk da aikin faɗaɗa ruwan Zariya da aka kashe wa maƙudan kuɗi, gidaje da yawa har yanzu da rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa suka dogara. Rijiyar da ke cike a Satumba tana iya ƙafewa a Maris, don haka maƙwabta za a tambaya, ba dillali ba.

Na biyu shi ne wuta: shin gidan na da mitar kati, ko kuwa kuɗi ake yankawa a raba tsakanin 'yan haya, kuma akwai tsohon bashi a kansa?

Na uku shi ne sufuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin bas da Keke Napep da acaɓa ya zama babban kaso na kashe-kashen wata. Kamata ya yi a lissafa kuɗin zuwa da dawowa na shekara a ɗora a kan kuɗin haya kafin a kwatanta gida da gida. Araha ba ta ado.

Na huɗu shi ne takarda. A ga mai gida ko wakilinsa ido da ido, a karɓi rasit, a rubuta ranar shiga da ta fita da wanda gyara ke kansa. Kada a tura kuɗi saboda hoton da aka gani a WhatsApp. Gabatar da kai ga mai unguwa kuma ba tsohon yayi ba ne, domin shi ake fara nema ranar da wata matsala ta taso.

Masauki da ƙuri'a

Ga wanda zai daɗe, zaɓen unguwa zaɓen wakilai ne. Mazaunin Samaru ko Sabon Gari yana ƙarƙashin mazaɓar tarayya ta Sabon Gari, na Tudun Wada ko Birni kuma yana ƙarƙashin mazaɓar Zariya, wadda Abbas Tajudeen, da ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 2023, ya fito daga cikinta. Dukansu suna cikin mazaɓar Sanatan Kaduna ta Arewa. Doka ta ba mai katin zaɓe damar neman INEC ta mayar da rajistarsa inda yake zaune, a lokacin da aka buɗe rajista.

Ɗalibai da yawa sukan shekara huɗu ko biyar a Samaru suna kukan ruwa da shara da lalacewar hanya, alhali katinsu na can garinsu. Kansilan da ba ya tsammanin ƙuri'ar 'yan haya ba shi da dalilin sauraron kukansu. Wanda ya riga ya zaɓi unguwar da zai kwana a cikinta shekara da shekaru, abin da ya rage masa shi ne ya san sunan gundumarsa, da rumfar zaɓen da ta fi kusa da ƙofar gidansa.