Daga Turkuɗin Kura Zuwa Zaren Roba: Abin Da Na Gani A Kasuwar Sabha

Bara na ɗauki hutu daga gidan rediyon da nake aiki a Agadas, na je Sabha gaishe da kawuna, tela ne da ya shekara ashirin da wani abu a can. Ana gobe zan dawo na shiga wani babban kantin tufafi na sayo wa mahaifina farin yadi na babbar riga. A jikin takardarsa an rubuta cewa auduga ce zalla, ɗari bisa ɗari, kuɗin auduga kuma na biya. Da na kai wa kawu ya yanka, sai ya murza bakin yadin da yatsa, ya zaro zare ɗaya, ya ƙyasta ashana. Zaren ya nannaɗe, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ya ce, "Ɗana, roba ka saya. Auduga in ta ci wuta warin takarda take yi, ta bar toka mai laushi."

Na ji zafin kuɗina. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya ƙara, cewa a wannan ƙasa ta Fezzan a da tufar Kano ake rububi, yau ga Bahaushe ya zo an sayar masa da leda. Wannan magana ce ta sa na koma bin tarihin.

Kafin Sabha ta zama cibiyar Fezzan, Murzuk ce babban birnin yankin, kuma zango ce ta ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Barno da ƙasar Hausa. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bar Tarabulus a 1850, ya bi ta Murzuk da Gat da Agadas, ya isa Kano a farkon 1851. Ya rubuta cewa arzikin Kano a kan saƙa da rini yake, kuma tufafinta na kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, su kai Tumbuktu a yamma. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Wannan tufa aikin hannu ce tun daga gona. Manomi ya tsinko auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, a ɗinke shi ƙwarya-ƙwarya, a kai karofi a tsoma a ruwan baba da toka. Daga nan sai mabuga su shimfiɗa shi a kan gungume su buge shi da shuni har ya riƙa ƙyalli. Garin Kura, kudu da Kano, shi ya yi fice a wannan aiki, shi ya sa Buzaye har gobe ke daraja rawani ɗan Kura. Shunin kan zauna a fatar mai shi, su kuwa ado suke ɗaukarsa.

Ayari ba ya komawa kudu hannu rabbana. Fataken Gadamas da Tarabulus sukan kawo alharini, wato jan siliki, masaƙanmu su haɗa shi da auduga da tsamiya su fitar da barage. Unguwannin Dandalin Turawa da Alfindiki a birnin Kano shaida ne na zaman waɗannan Larabawa. Dole kuma a faɗi ɗaya ɓangaren: ayarin da ya ɗauki turkuɗi shi ne ya kora bayi, Murzuk kuwa kasuwar bayi ce babba. Da yawa daga cikin waɗanda suka kai Hausa Fezzan a wancan zamani a ɗaure suka je.

Abubuwa uku suka karya wannan ciniki, ɗaya bayan ɗaya. Na farko yadin masana'antun Manchester, wanda tun a ƙarni na 19 yake shigowa ta Tarabulus da araha. Shi ma dai auduga ne, sai dai inji ya saƙa. A 1897 kuma kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, darajar baba ta soma faɗuwa a duniya.

Na biyu shi ne shekarar 1911. A cikinta Italiya ta far wa Tarabulus, a cikinta kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauka sai jirgin ƙasa ya kai bakin teku cikin kwanaki. Kano ta juya wa hamada baya ta fuskanci kudu. Duk da haka auduga ba ta mutu a Arewa ba. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, dubban magidanta suka ci abinci da su, kasuwar Kantin Kwari ta cika da atamfar gida.

Na uku shi ne zaren roba. A 1941 wasu masana biyu, Whinfield da Dickson, suka ƙirƙiro foliyesta suna aiki da wani kamfani na Manchester ɗin nan dai, daga sinadaran da a yau ake samu a man fetur. Yanzu fiye da rabin zaren da duniya ke samarwa foliyesta ne, mafi yawansa daga Sin. Da yadinsa ya kwararo kasuwanninmu, ga matsalar wuta, ga fasa-ƙwauri, sai masaƙun Kaduna suka rufe: Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007. Wani abin tunani kuma, rijiyoyin mai na Sharara, mafi girma a Libiya, a yankin Fezzan suke. Ƙasar da a da take sayen audugarmu yau irin abin da ke ƙarƙashinta ne ake mayarwa zare a sayar mana duka.

Ban ce roba ba ta da amfani ba. Tana da araha, ba ta koɗewa da wuri, ba ta son guga, talaka mai 'ya'ya shida ya san darajarta ranar Sallah. Amma jiki ya san bambanci. Auduga na shan danshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. A garin da zafi ke haura digiri 40 kamar Sabha ko Agadas, mai rigar roba gumi ke kwanciya masa a fata, ƙuraje su biyo baya. Ga matan da ke girki da itace ko risho: roba in ta kama wuta narkewa take yi ta manne a jiki. Don haka ƙaryar da ke jikin takardar nan ta wuce cutar aljihu.

Da na dawo na ɗauki zancen a shirina na safe. Wata dattijuwa ta bugo waya ta ce, "Ɗan nan, zanen saƙin da aka sa mini a lefe yana nan a adaka, jikata ce ma ke ɗaurawa yanzu." Wani mai sayar da yadi kuma ya ce su ma yadda aka rubuto musu haka suke faɗa, ba su da injin gwaji. Na ce masa, "Alhaji, ai ashana ba ta da tsada."

Shawarata ga mai saye ita ce ya nemi a yankar masa ɗan ƙyalle ya gwada kafin ya biya. In haɗi ne na auduga da roba, a faɗa masa, ya saya da saninsa a kan farashinsa. Masu hali kuma su tuna cewa marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan, a Kura ma da sauran mabuga, ciniki kawai suke jira.

Yadin nan dai kawu ya ɗinka mini labule da shi. Mahaifina kuwa sai da na aika Kano aka saƙo masa farin saƙi, da shi ya je Idi.