Lissafin da Ake Nema ga Ɗalibin Ƙaramar Sakandare: Waiwaye a Ƙasar Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun lissafin da aka riƙa nema ga yaro mai shekara 12 zuwa 15 a arewacin Zamfara, daga zamanin zaure zuwa zamanin ƙaramar sakandare. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa manhaja ta sha sauyawa, amma akwai wani ginshiƙi wanda kowane zamani ya nema, watau sanin kaso, kuma a nan ne ɗalibanmu suka fi rauni a yau.

2.0 Kafin zuwan boko

Lissafi bai zo ƙasar Hausa tare da Turawa ba. Malam Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan jera alƙaluma cikin gidajen hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. A zaure, ɗalibin da ya kai ga ilmin gado dole ne ya san rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi da sulusani da sudusi. Alal misali, idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa, sai a kafa asalin rabo a kan 24: mata ta ɗauki sumuni, watau 3, uwa ta ɗauki sudusi, watau 4, ɗa ya tafi da 17 da suka rage. Haka nan zakka: ushiri ga amfanin damina, rabin ushiri ga abin da aka yi wa ban ruwa da wahala. A kasuwa kuwa, irin ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, yaro yakan ƙirga wuri tuli-tuli har ya kai keso, watau wuri 20,000.

3.0 Zamanin Midil

A 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, garin ya zama ƙarshen layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau. Cinikin gyaɗa da auduga ya buɗe, aka shiga neman akawu da malamin sikeli da malamin haraji. A daidai wannan lokaci ne, wajen 1930, aka mai da makarantun lardi suka zama Midil, yaran wannan yanki kuwa sai an kai su Sakkwato. Abin da ake nema gare su shi ne sarrafa fam da sule da kwabo: kwabo 12 sule ne, sule 20 fam ne. Idan aka ce wa yaro ya ninka fam 3 da sule 7 da sisi sau 4, sai ya bi ta tushe 12 da tushe 20 kafin ya sami fam 13 da sule 10. Yara kaɗan ne suka sami wannan horo, kuma don aikin En'e da kamfanoni aka tanade su, amma wanda ya fita ya san rabo da saura.

4.0 Sabon lissafi da tsarin 6-3-3-4

Bayan taron Entebbe na 1962 aka shigo da abin da ake kira sabon lissafi, mai magana a kan rukunoni da ƙirga bisa tushe dabam-dabam. Malamai da yawa ba su sami horo a kansa ba. A watan Janairu na 1977, a taron Binin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi. Kafin nan naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a 1973, aka koma tushe 10, sa'an nan shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa fiye da yawan ƙwararrun malamai.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ce ta haifar da ƙaramar sakandare mai shekara 3, wadda aka fara a 1982. Manhajar ilmin bai-ɗaya da ta shiga makarantu a 2008 ta kasa lissafin wannan mataki gida 5: sanin alƙaluma, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdigar yau da kullum. Duk wanda ya duba zai ga cewa aljabara da awo da ƙididdiga ba su tsayuwa sai a kan kaso.

5.0 Halin da aka shiga

A 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta kuma rufe makarantu na wani lokaci. Ke nan yaron Zurmi ko na Shinkafi ya rasa wurare biyu da yake koyon lissafi a lokaci guda. Lissafi kuwa gini ne. Wanda ya rasa zangon da aka koyar da kaso, ba ya gane aljabarar zangon gaba. Na sha ganin ɗalibi mai shirin zama malami ya tara rabi da sulusi ya ce kashi 2 cikin 5 ne, alhali kakansa, wanda bai taɓa zama a benci ba, ya san sudusi 5 ne.

6.0 Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa malamai guda biyu ce. Ta farko, kada a yaye ɗalibi daga kwalejin ilmi sai an jarraba shi a kan kaso da kashi cikin ɗari, an tabbata ya iya koyar da su da Hausa da Ingilishi. Ta biyu, a ɗauko misalai daga rabon gado da zakka da awon mudu, domin yaron wannan ƙasa ya riga ya ji sumuni da sudusi a gida tun kafin ya gan su a allon aji.