Wa ke riƙe da mabuɗin rumbu?

Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne, in ma'auni bai yi ƙarya ba. Kowa ya san wannan lissafi. Kowa kuma ya san wanda ya sayi buhu da kaka, cikin Oktoba ko Nuwamba, da wanda ke sayen tiya-tiya cikin Yuli, ba kuɗi ɗaya suke biya ba ko da gona ɗaya ta noma hatsin. Mu ɗalibai kusan dukanmu a sahu na biyu muke. Burs ba ya zuwa lokacin da hatsi ke araha, abin da aka aiko daga gida bai kai buhu ba, sai mu ƙare wajen mai butiki da rabin kilo na shinkafa da ƙullin mai, ko kuma garin rogo da sukari har wata ya mutu.

Shi ya sa ƙungiyoyin sayen cimaka a haɗe suka fara yawa tsakaninmu: mutum goma ko goma sha biyar su zuba kuɗi, a tafi kasuwar hatsi a ɗauko buhu, da wake, da jarkar man gyaɗa, a zo a raba. Ina cikin wata irin wannan, mu goma sha biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wasu abokanmu ke ja da baya da zarar sun ji kalmar kwaperatif, alhali sun yarda lissafin daidai ne. A ganina wannan tsoron gadonsa muka yi, kuma yana da tarihi.

Mu fara daga gida. A tsarin gandu na da, rumbun gida a hannun maigida yake. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, in an gama girbi an ci sabon hatsi na ɗan lokaci, sai ya rufe babban rumbu, samari su tafi cin rani, mata su riƙe kansu da abin da suka noma a gamanarsu. Ba a buɗe shi sai damina ta faɗi, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma kuma hatsi ya fi tsada. Wanda ya samu shekara mai kyau yakan ware rumbun tsimi, wanda ba a taɓawa sai ranar baƙin ciki. Akwai tsanani a ciki, ba na musu, mata da yara sun fi kowa jin sa. Amma wanda ya rufe rumbun a gidan yake kwana, yunwar da za ta kama mutane shi ma za ta kama shi.

Nasara ya zo ya ɗauki wannan dabarar ya mayar da ita doka. A 1910 Faransa ta kafa a Afirka ta Yamma abin da ta kira Sociétés indigènes de prévoyance, wato ƙungiyoyin tanadi na ƴan ƙasa, daga baya shiga cikinsu ya zama dole. Ƙungiya ce a suna, amma kumandan ne shugabanta, kuɗin zubi kuwa tare da lanho ake karɓarsa. A nan Nijar abin ya yi ƙarfi bayan yunwar 1931, wadda fara da ƙarancin ruwa suka haddasa, ta fi yin ɓarna a yammacin ƙasa, kuma duk da haka ba a daina neman lanho ba. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu a kan wannan yunwa. Maganin da masu mulki suka kawo shi ne rumbunan ajiya na dole: kowane gida ya zuba wani kaso na hatsinsa, a liƙe, ba a buɗewa sai da izinin hukuma.

A takarda abin ba laifi. A gari kuwa, ka duba yadda yake ga manomi. Hatsinka ne, guminka ne, ɗiyanka na kuka, rumbu na nan kana kallonsa, amma sai an jira umurni daga barikin da ke nesa da kai tafiyar yini ko fiye. Tsakaninka da barikin akwai sarki da dogarai da tafinta, kowa da bakinsa. Ba abin mamaki ba ne da ƙiyayyar waɗannan rumbuna ta shiga cikin koke-koken da ƴan siyasar farko suka yi yawo da su bayan 1946, shekarar da aka kafa PPN kuma aka soke aikin tilas. Wannan ne karo na farko da talakan ƙasar nan ya ji an ce masa «mu haɗa, don amfaninku ne», ya ba da hatsi, wani ya tafi da mabuɗi.

Bari in ɗan fita waje kaɗan, don asalin kalmar kwaperatif ba haka yake ba. A garin Rochdale na Ingila, kusa da Manchesta (i, ta ƙwallo), mutum 28, da yawansu masaƙa, suka yi ta tara ƴan kwabbai har suka haɗa wajen fam 28. Ranar 21 ga Disamba 1844 suka buɗe ɗan shago a wani lungu mai suna Toad Lane. Kayan da ke ciki ba su wuce fulawa da sukari da man shanu da garin wani hatsi na can da ƴan kyandir ba. Ba araha kaɗai suke nema ba. A lokacin, masu shaguna na cuɗa fulawa da alli, suna tauye mudu, suna ɗaure ma'aikaci da bashi. Don haka suka sa wa kansu ƙa'idodi: abinci mai tsabta, awo cikakke, kowane mamba ƙuri'a ɗaya komai yawan kuɗinsa, riba a raba gwargwadon abin da mutum ya saya, kuma ba bashi, kuɗi hannu.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi wuya a wurinmu, wallahi. Yaya za ka ce ma abokin ɗakinka babu tiya sai ya biya? Mun sha gardama a kanta a ƙungiyarmu, kuma muka tsaya a kan cewa buhu ba ya ba da bashi. Mai son taimakon ɗan'uwansa ya ɗiba cikin nasa rabon. Wasu na ganin rashin zumunci ne. Ni dai na karanta abin da ya biyo baya a ƙasarmu, shi ya sa nake bayanta.

Bayan ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa UNCC a 1962 don ta jagoranci ƙungiyoyin manoma da basussukansu, a shekarar da aka kafa SONARA mai sayen gyaɗa da Copro-Niger mai shigo da kayan masarufi. Zamanin gyaɗa ne, Maraɗi da Damagaram na tashe. Wajen 1966 aka gwada wani abu da har yanzu nake ganin ya cancanci yabo: kasuwannin gyaɗa da manoma ke gudanarwa da kansu. Su ke zaɓen mai awo daga cikinsu, su ke zaɓen mai rubutu, wanda ya yi yaƙi da jahilci da Hausa. Ka tuna kafin nan ɗan baranda ne ke riƙe da sikeli, shi ke faɗin nauyin buhunka, kai kuwa ba ka iya karanta lamba. A ba manomi sikeli ba ƙaramin abu ba ne.

Inda aka samu matsala wajen bashi ne. Ana ba gari iri da kayan noma a kan lamunin kowa da kowa, in wasu ba su biya ba sai a cire daga rarar kuɗin gyaɗa da ya kamata a mayar ma gari duka. Wanda ya biya da wanda bai biya ba duk suka yi asara ɗaya, to shekara mai zuwa wa zai yi gaggawar biya? Sai fari ya zo, aka kafa OPVN a 1970 don ta riƙe hatsin ƙasa, yunwar 1973 da 1974 ta ci gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974, cuta ta gama da sauran gyaɗar. Seyni Kountché ya sa kwaperatif da samariya suka zama ginshiƙan tsarinsa, kowane ɗan ƙauye mamba ne ko ya nema ko bai nema ba. A 1984 aka rushe UNCC aka sa UNC a madadinta, daidai lokacin yunwar da mutanen Maraɗi ke ce ma El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Suna ya sake, mabuɗi bai sauko ba.

Daga shekarun 1980 furoje-furoje suka cika ƙauyuka da bankunan cimaka, har aka ara musu tsohon sunan nan, rumbun tsimi. A sayi hatsi da kaka, a ajiye a mangaza, a sayar ma ƴan gari da rahusa cikin damina. Wasu sun rayu. Da yawa sun mutu bayan shekara biyu ko uku, kuma duk wanda ya taso a ƙauye ya san yadda suke mutuwa: an ba da hatsi bashi ga wanda ba a iya tambaya, ko kwamiti ya zama mutum ɗaya, ko jarin tun farko kyauta ne, ba wanda ya ji zafin fitarsa daga aljihu. Ka bi hanya za ka ga mangazun, allon furoje na nan ya yi tsatsa, awaki na kwana a inuwarsu.

A 2005 ne ƴan birni suka gane ba su tsira ba. Bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, buhun hatsi ya kai jikka 30 a wasu kasuwanni, jihar Maraɗi da ke ciyar da wasu ta cika da yara masu tamowa. A watan Maris na shekarar, mutane suka rufe garuruwa saboda harajin kashi 19 cikin ɗari da aka ɗora ma kayan masarufi irin su fulawa da madara da sukari. Mu kuma namu rabon mun gani bayan Yulin 2023, da aka rufe iyakoki shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. A irin wannan lokaci wanda ke da buhun hatsi da na wake a ɗaki, abin ya zo masa da sauƙi, kuma cikinsa ya fi na mai taliya da dunƙulen magi samun abin kirki. Wake dai a sa shi cikin buhu mai ruɓi uku a ɗaure da kyau, in ba haka ba ƙwari su riga ku.

Sai dai akwai abin da sayen buhu a haɗe bai warware ba. Sai kana da kuɗi cikin Oktoba za ka ci arahar Oktoba, kuma wanda ya fi bukatar arahar shi ne ba shi da su. Manomi ma haka: bashi da bukatun kaka ke sa shi sayar da hatsi a wulaƙance, ya dawo ya saye shi da tsada. Dabaru biyu da aka gwada a ƙasar nan sun taɓa wannan wurin. Ɗaya ita ce jinginar amfanin gona, wadda wani furojen FAO ya yaɗa tun daga 1999: manoma su ajiye buhunansu a mangaza, asusun bashi ya ba su kuɗi a kai, in farashi ya tashi su biya su kwashe kayansu. Ƙofar mangazar kwaɗo biyu gare ta, ɗaya na manoma, ɗaya na masu ba da bashi, ba mai buɗewa shi kaɗai.

Ta biyun ta fi kusa da mu. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata a kan tsohon adashen da suka sani, aka sa ma abin suna Mata Masu Dubara. Ba wanda ya kawo musu jari daga waje. Kowace mace ta zuba abin da aka yanke kowane mako, a ƙirga a gaban kowa, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Tsarin ya fita daga Nijar ya bazu ƙasashe da dama, kuma a yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi yau akwatin kuɗi kwaɗo uku gare shi, mabuɗan a hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kansa a ɗakin ta huɗu. Mazan da suka yi ta yi musu dariya da farko, a damina daga wannan akwatin ake sayo tiyar da suke sha fura da ita.

A ƙungiyarmu, ƴan mata biyu ƴan Maraɗi da iyayensu mata ke cikin Mata Masu Dubara su suka kawo shawarar mu daina jiran kaka kafin mu nemi kuɗi. Yanzu tun watan Afrilu muke fara zubi, dala 100 kowace Juma'a, kaye a hannun mutum ɗaya, kuɗi a hannun wani, tiya kuma a hannun wanda zai ɗauki rabonsa a ƙarshe.