Injin Feshi: Yadda Ake Zaɓensa Da Amfani Da Shi A Lambun Gida

Injin feshi na'ura ce da ke tarwatsa ruwan magani ya zama ƙananan ɗigo, domin ya rufe ganye ko ƙasa daidai-wa-daida. A Zariya ba baƙon abu ba ne. Manoman tumatir na fadamar Galma sun daɗe suna goya shi, kuma a Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda ta fara a matsayin tashar bincike a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai dai lambun cikin birni daban yake da fadama: fili ne ɗan ƙarami, mai gwaiba da zogale da ɗan kwamin salak, ga rijiya a gefe, ga kaji da yara suna kai-komo.

Iri uku aka fi samu a shagunan kayan noma na Sabon Gari da Tudun Wada. Akwai na hannu mai cin lita ɗaya zuwa biyu, wanda ya isa furannin tukunya. Akwai na ratayawa a kafaɗa, mai lita biyar zuwa takwas, wanda ake ɗura wa iska kafin a fara aiki. Sai na goyo, irin su CP15 da Jacto, mai lita 15 zuwa 20. A cikin na goyon yanzu akwai mai batir. Yana hutar da hannu, amma sai da caji, kuma batirin ne kan fara mutuwa.

Yawancin masu saye girman tanki suke dubawa, alhali lissafi bai goyi bayansu ba. Idan takardar magani ta ce lita 200 na ruwa ga hekta ɗaya, to lita biyu ke nan ga fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 500 ba, wato ko da babu gini a cikinsa, bai cinye lita 10 ba. Saboda haka magidanci a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, na kafaɗa ya ishe shi. Babban tanki kan jawo a haɗa maganin da ya wuce buƙata, sannan a rasa inda za a zubar da ragowar.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne bakin feshin, wato nozul, duk da shi ne mafi arha a jikin injin. Mai fitar da ruwa a baje kamar mafici na maganin ciyawa ne, domin ɗigonsa manya ne, iska ba ta saurin kwashe su. Mai fitarwa a zagaye kamar mazurari na maganin ƙwari da cutar ganye ne. Ɗigonsa ƙanana ne, suna kaiwa ƙarƙashin ganye inda ƙwari ke maƙalewa. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya zuba ruwa ya gwada, a duba ko yana yoyo ta murfi ko mariƙi, sannan a tambaya ko ana samun robobinsa na canji. Injin da babu kayan gyaransa a kasuwa, tsada ne ko da an saye shi da arha.

Wanda yake da hali ya ware inji guda don maganin ciyawa kaɗai. Ɗan abin da ya rage na 2,4-D a cikin tiyo ya isa ya murɗe ganyen tumatir. Shi kuwa glyphosate ba ya bambanta ciyawar banza da kiri-kirin da aka dasa don ado; duka yake ƙonewa.

Sabon inji da ruwa zalla ake fara gwada shi a filin da aka auna, a ga lita nawa ya tafi da irin takun mai feshin. Ba a ƙara magani fiye da yadda takarda ta ce. A 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, an ga yadda yawan feshi bai hana ɓarna ba, domin tsutsar a cikin ganye take ɓuya. A kuma tabbatar da lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalba, a guji maganin da aka juye a gorar ruwa.

Da sassafe ko bayan la'asar ake feshi, ba cikin iskar hunturu ba, ba kuma hadari na haɗuwa ba. A rufe rijiya, a killace kaji, a sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu. In nozul ya toshe, ba a hura shi da baki, ba a soka masa allura. A wanke shi da ruwa da tsohon buroshi. Masu amfani da ruwan 'ya'yan darbejiya su tace shi da ƙyalle kafin zubawa.

Bayan aiki a ɗauraye tankin sau uku, a fesa ruwan ɗaurayar a inda aka yi feshin, kada ya bi magudana zuwa kududdufin unguwa. Salak da alayyafo kuwa ba a tsinke su sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.