Joaquín Costa: Kunnen Manazarci a Fagen Siyasa

A Sifaniya an fi tunawa da Joaquín Costa (1846–1911) a matsayin ɗan gwagwarmayar da ya caccaki masu mulki a littafinsa Oligarquía y caciquismo na 1901, shekara uku bayan Amurka ta raba ƙasar da Kuba da Filifin. Ba kasafai ake waiwayar nazarinsa na karin harshe ba, alhali a can ya koyi dabarar da ya shiga siyasa da ita.

Ɗan manoma ne. An haife shi a Monzón, ya tashi a Graus, cikin yankin Ribagorza da ke gindin duwatsun Pyrenees, inda harshen Aragon da na Kataloniya ke cuɗanya. Matafiyin da ya bar kwarin kogin Ésera ya nufi gabas zuwa Noguera Ribagorzana zai ji bakin mutane na sauyawa ƙauye bayan ƙauye, ba zai iya cewa ga inda wannan harshe ya tsaya wancan ya soma ba. A 1878 da 1879 Costa ya yi jerin maƙalu a mujallar Institución Libre de Enseñanza kan irin waɗannan kare-karen harshe na kan iyaka, a zamanin da 'yan boko ke jin su a matsayin gurɓataccen Sifaniyanci na ƙauyawa.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tsira ba. Hasashensa game da asalin harsunan dā, masana sun wuce shi tuni. Amma ya san inda ƙarfinsa ya tsaya. Shi ya buɗe wa masanin Faransa Jean-Joseph Saroïhandy ƙofa ya zo Graus a 1896 ya rubuta maganar mutane daga bakinsu, aikin da masu nazarin harshen Aragon ke komawa gare shi har gobe.

Da wannan kunnen Costa ya tattara dokokin gargajiya na tsaunukan Aragon a 1880, sannan a 1898 ya fitar da Colectivismo agrario en España kan yadda ƙauyuka ke cin gona da makiyaya tare. Hujjarsa ba ta sauya ba: abin da talaka ke yi a ƙasa ya riga abin da Madrid ta rubuta a takarda. Shi ya sa buƙatunsa a siyasa ba su da ado: ruwan ban-ruwa, makaranta, abinci a rumbu.

Mulki dai bai samu ba. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1903 a inuwar 'yan jamhuriya, ya ƙi zuwa ya zauna. Ya rasu a Graus ranar 8 ga Fabrairu, 1911, kuma mutanen Zaragoza suka hana a wuce da gawarsa Madrid. A Zaragoza aka binne shi.