Yarjejeniyar da Ta Raba Kan Masu Karanta Watchmen

A shekarar 1938 wasu samari biyu daga birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar wa wani kamfanin ɗab'i jarumin da suka ƙirƙira, Superman, a kan dala 130. Kamfanin, wanda yau ake kira DC Comics, ya kwashi dukiya mai ɗimbin yawa da wannan jarumi, su kuwa sai a 1975, bayan tsufa da talauci sun cim musu, aka yanka musu dala 20,000 kowannensu a shekara, aka kuma maido da sunayensu a kan littattafan. Tun daga wannan ciniki al'adar sana'ar littattafan labaran zane ta kafu a Amurka: marubuci da mai zane 'yan ƙodago ne, jarumin kuwa na kamfani ne, ya miƙa shi ga wanda ya ga dama.

A cikin wannan al'ada Alan Moore, ɗan garin Northampton na Ingila, ya zo da shawararsa. DC ya sayi jaruman wani ƙaramin kamfani mai suna Charlton a 1983, Moore kuma ya so ya gina labarin kisan kai a kansu. Edita Dick Giordano ya ga labarin zai lalata hajar da aka biya kuɗi aka saya, sai ya ce masa ya ƙirƙiro nasa. Haka aka samu Rorschach da Dakta Manhattan da Nite Owl da Ozymandias da Silk Spectre da Comedian. Dave Gibbons ya yi zanen, John Higgins ya sa launi, Watchmen ya fito kashi 12 tsakanin 1986 da 1987.

Labarin ya sha bamban da abin da aka saba. An kafa shi a 1985, a wata Amurka da ta ci yaƙin Biyetnam, Nixon yana kan mulki har lokacin, duniya kuma tana bakin yaƙin nukiliya. Jarumansa mutane ne masu tabo, wani ya tsufa ya yi teɓa, wani mugu ne, wani hankalinsa ya taɓu. Littafin ya ci kyautar Hugo a 1988, a 2005 kuma mujallar Time ta sa shi cikin littattafan ƙagaggun labarai 100 mafi kyau da aka rubuta da Turanci tun 1923.

Nasarar ce ta zama tarko. Yarjejeniyar da aka ƙulla da DC ta ce haƙƙin mallaka zai koma hannun Moore da Gibbons idan littafin ya shekara ba a buga shi ba. A wancan zamani wannan sharaɗi ne mai kyau, domin irin waɗannan littattafai ba sa daɗewa a kasuwa. To amma Watchmen bai taɓa daina sayuwa ba, DC bai taɓa daina buga shi ba, don haka ranar komawar ba ta zo ba. Moore ya raba gari da kamfanin a ƙarshen shekarun 1980, kuma da aka yi fim ɗin a 2009 ya hana a sa sunansa. A 2010 ya bayyana cewa an yi masa tayin maido masa da haƙƙin idan ya amince a yi labaran share fage da na ci gaba, ya ce a kai kasuwa.

Ranar 1 ga Fabrairu, 2012, DC ya sanar da Before Watchmen, jerin labaran da za su ba da tarihin jaruman kafin abin da ya faru a littafin asali. An fara fitar da su a watan Yuni, suka kai kashi 37, aka tattara su cikin kundi huɗu a 2013. Kamfanin bai ɗauko 'yan koyo ba. Akwai Darwyn Cooke da Amanda Conner da Brian Azzarello da J. Michael Straczynski da Jae Lee da Adam Hughes, da Len Wein wanda shi ne editan Watchmen na farko. Dattijo Joe Kubert ya yi aiki tare da ɗansa Andy a kan Nite Owl, ya rasu a watan Agusta na shekarar aikin bai kammala ba.

Tun kafin kashi na farko ya fito masu karatu suka rabu. Moore ya shaida wa jaridar New York Times cewa abin rashin kunya ne tsagwaronsa. Gibbons ya sassauta harshe: ya ce labarin da suka bayar cikakke ne, amma yana yi wa masu sabon aikin fatan alheri. Wani ɓangare na masu karatu ya yi rantsuwar ba zai saya ba, kuma marubuci Chris Roberson ya daina aiki da DC a watan Afrilu saboda yadda kamfanin ke mu'amala da masu ƙirƙira. Ɗaya ɓangaren ya riƙe hujjar da Straczynski ya kawo, cewa Moore da kansa ya gina The League of Extraordinary Gentlemen da jaruman wasu marubuta, kuma Watchmen ma daga jaruman Charlton ya tsiro. Hujjar tana da ƙarfi a ido, sai dai marubutan da Moore ya ari jarumansu, irin su Bram Stoker da Jules Verne, sun daɗe a ƙasa. Shi kuwa yana raye, yana cewa a'a da babbar murya.

Da littattafan suka iso hannu, sai gardamar ta koma kan ingancinsu, kuma a nan ra'ayi ya fi kusantar juna. Kundin da ya haɗa Minutemen da Silk Spectre ne ya fi shan yabo. A Minutemen, Cooke ya koma ga ƙungiyar tsofaffin jaruman shekarun 1940, waɗanda Moore ya taɓo su sama-sama, ya ba su nama da jini, musamman Silhouette, matar da ke farautar masu cutar da yara. A nan akwai fili na gaske da za a yi noma, domin Moore ma ya taɓa tunanin rubuta labarin wannan ƙungiya. Conner kuwa ta kai budurwa Laurie, wato Silk Spectre, birnin San Francisco na shekarun 1960, tana gudun uwar da ta tsara mata rayuwa tun tana ƙarama, kuma zanen fuskokinta kaɗai ya isa ya riƙe mai karatu.

Comedian ne ya fi jawo ƙorafi. Littafin asali ya bar alamar cewa wataƙila yana da hannu a kisan Shugaba John Kennedy, Azzarello kuma ya mai da shi aminin gidan Kennedy, ya ajiye shi a wani wuri daban ranar kisan. Masu karatu da yawa sun ga an toshe wata kafa da aka bari a buɗe da gangan. Ozymandias ya samu zanen Jae Lee mai ɗaukar ido, amma akasarinsa maimaicin abin da aka riga aka sani ne. Rorschach ya zama labarin daba da jini a New York ta 1977. Kashin rufewa da aka yi alkawari ma ba a fitar da shi ba.

Aibin da ya ratsa yawancinsu ɗaya ne. Watchmen ya riga ya ƙunshi tarihin jarumansa, kusan rabinsa waiwaye ne, kuma Moore da Gibbons sun auna abin da za su faɗa da abin da za su bar wa mai karatu. Wanda ya zo cike giɓin sai ya tarar ko dai babu giɓin, ko kuma giɓin ne ke riƙe da ginin.

Ƙofar da aka buɗe a 2012 ba ta sake rufuwa ba. Doomsday Clock na Geoff Johns da Gary Frank ya haɗa Dakta Manhattan da Superman tsakanin 2017 da 2019, tashar HBO kuma ta yi jerin shirinta a 2019 wanda ya ci kyautar Emmy 11. Mai son ɗanɗana Before Watchmen ya fara karanta na asali, sannan ya nemi kundin Cooke da Conner, sauran ukun ba dole ba ne. Haƙƙin mallakar Watchmen kuwa har yau yana hannun DC.