Waken awara da damanar Damargu

Duk wanda ya yi lakwal a Tanut ya san awarar bakin ƙofa, mai zafi, da yajinta. Amma zaga gonaki daga nan har Belbeji, hatsi za ka gani da waken gida. Waken suya kuwa sai dai a buhu, daga kudu.

Asalinsa ƙasar Sin ne. Turawan Ingila suka kawo shi Nijeriya a 1908, bai zauna da gindinsa ba sai da Tibi na Binuwai suka karɓi wani iri mai suna Malayan. Matsalarsa a ƙasashenmu ita ce shi tsiro ne mai auna tsawon yini. Da ya ga yini gajere, kamar namu, sai ya ɗauka kaka ta zo, ya yi fure tun yana ɗan tsugul. To ina ƴaƴa za su fito a jikin da bai girma ba?

Tun shekarun 1970 masu gyaran iri a Barazil suka dinga amfani da wasu irin da ba sa wannan gaggawa, ba tare da sun san sirrin ba. Sai a 2017 masu bincike a Sin suka bayyana shi. Ƙwayoyin gado biyu ne ke kokawa. Ɗaya, E1, aikinta ta riƙe fure. Ɗayar, J, ita ke danne E1 in yini ya gajarta. Idan J ta samu rauni, E1 ta sake, fure ya jinkirta, tsiro ya yi rassa, amfani ya ƙaru. In ita ma E1 ɗin mai rauni ce, ribar kaɗan ce. Kenan ba za ka kama ƙwaya guda ka ce ita ce ta albarka ba, sai ka san da wa take zaune.

A Ibadan ma cibiyar IITA ta fitar da irin TGx, waɗanda a yau ake nomawa a Kaduna da Kano.

Mu fa? Jinkirin da ya azurta manoman Barazil, a nan asara ce tsagwaronta. Damanarmu da ƙyar take cika wata uku. Abin da kakanninmu suka yi ta zaɓa a bakin rumbu kishiyar wannan ne: zangarniyar da ta riga ƴan'uwanta nuna ita ake warewa ta iri. Haka aka samu ankutes, hatsinmu mai gajeren kai, wanda ke rigan ruwa ɗaukewa.